Rigar Aro Zuwa Majalisa

Ban taɓa shiga aji ba, amma gwamnoni nawa suka zo suka wuce ina nan daram, kuma kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. A tashar Gaya na ji wani manomi cikin babbar riga yana zance da wata malamar makaranta.

"Majalisa za ni, 'yata. Mun dangwala yatsa a takardar neman dokar burtalin shanu, nawa ne a sama. Rediyo ta ce wanda ya kawo ƙudiri shi zai tashi ya kare shi. Kwana uku abinci ya ƙi shiga."

"Baba, kai ɗan majalisa ne?"

"Ina fa. Gero nake nomawa a Gafasa."

"To ai ƙudiri, ko gwamna ya aiko shi, ko ɗan majalisa ya ɗauki nauyinsa, abokansa su sa hannu su mara masa baya. Naku roƙo ne. Wakilinku ne zai yi magana."

"Ba za a tsayar da ni gaban lasifika ba?"

"Ko sunanka ba za a kira ba."

"Alhamdu lillahi. 'Yan majalisa dai sun tsira, da sun ji magana. Direba, sauko mini da jakata, in mayar wa surukina rigarsa tun ba ta yi datti ba."