Barcin Kujerar Gaba

A ɗakin jira na filin jirgi, wata tsohuwa ta zauna kusa da wani ɗan kasuwa tana huci.

"Ɗana, ina ake kai ƙara a nan?"

"Me aka yi miki, Mama?"

"Autana ne ya saya mini kujerar gaba. Ina zama, wata yarinya ta miƙo mini tawul mai ɗumi, ta kwantar da kujerar, ta lulluɓe ni. Ban farka ba sai a wata ƙasa. Ban ci abincinsu ba, ban ga gajimare ba. Me zan faɗa wa jikokina?"

Mutumin ya yi dariya. "Duk mako ina bin hanyar nan. Shayi a kofin tangaran, nama kamar auduga, amma ban taɓa runtsawa ba. Barcin nan muke nema, Mama."

"Ni ban aike su ba." Ta murza bakin mayafi. "Tun rasuwar maigidana ban yi barci irinsa ba."

"To, ƙarar fa?"

"Sai na kai. Su mayar da ni gida idona biyu, kuma yarinyar nan nake so, ba wata ba."