Mai Gadin Kwalbar Elzette

Shugaban taro, Fasto Swarts, dangin ango da suka taso daga Worcester, 'yan'uwana masu tsinkar inabi, jama'ar Paarl manya da yara, ina gaishe ku. Ku riƙe wannan tukuna: wane mai gadi ne in an hana shi sha, sai ya buɗe wa ɓarawo ƙofa?

Na gode da kuka ba ni fili, ni Ouma Griet, kakar amarya. Kun san al'adarmu: shekarar da aka haifi yarinya a ajiye giyar inabin shekarar, ranar aurenta a buɗe. Marigayi mijina ya ajiye wa jikata Elzette tata. Yau za a ga ko ta kai. Kafin a sha, ga abu uku.

Na farko, takardar jikin kwalba. Shekarar da ke rubuce shekarar tsinkar inabi ce, ba ta ɗurawa ba. Saboda haka ango, ka karanta, ka san shekarun matarka, ka kuma yi shiru.

Na biyu, kofin giya. A siririyar ƙafarsa ake riƙe shi, kada ɗumin hannu ya dumama abin sha, kuma ba a cika shi, don ƙamshi ya sami wurin zama. Na ga kawun ango ya runguma nasa kamar mai jin sanyi.

Na uku, kwalba. Kwanciya take so. Ɗana Barend, uban amarya, da ya sayi sabon kabad shekarun baya, sai ya jera kwalaben Elzette a tsaye don baƙi su ga rubutu. Na ce, "Barend, kwantar da su." Ya ce, "Mama, kwalba ce ko majinyaciya?" Makon jiya ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi tsami, ko kifi ba za a jiƙa da su ba. Ya zo yana sosa ƙeya: "Mama, me zan ba surukai?" Na ce, "Ba su rubutun."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Tun ranar kabad na ɗauke guda, na kwantar da ita ƙarƙashin gadona. Ga ta, Fasto ya ɗanɗana ɗazu, bai yamutsa fuska ba.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba gonaki ruwa, ya mayar da kowa gida da ƙafafunsa. Na gode.

Mai gadin kuwa toshiyar kwalba ce. In kwalba na tsaye giya ba ta taɓa ta, bushewa take, iska ta shiga; iskar ce ɓarawon.