Na Zo Gyara Shaidar da Na Bayar Bara

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu.

Ni ce Rifkatu, mai koyar da lissafi a Sule Tankarkar. Bara na tsaya a nan na ce na warke. Ba haka ba ne. Ban yi da niyyar ruɗin kowa ba, amma ba haka ba ne.

Kun san ciwona. Akwai wata 'yar gaɓa a gaban wuya da ake kira tayirod. Tawa ta yi sanyi, na yi ƙiba, ina barci a ofishin malamai, ina sa rigar sanyi cikin bazara. Likita ya ba ni maganin da nake sha kowace safiya, ban taɓa tsallake rana ba.

Sai ƙibar ta zube, kuzari ya zo. Kowa na cewa, "Kai, Malama ta dawo!" Na ba da shaida, kuka yi guɗa.

Ba a jima ba alli ya fara rawa a hannuna. Zuciyata na dukan ƙirji ko a zaune nake, gumi sharkaf. Abokiyar aikina Malama Hadiza ta kama hannuna ta ce, "Ke Rifkatu, wace irin warkewa ce wannan? Dubi yatsunki!"

Na gaya wa Mama Saratu, shugabar zumuntar mata. Ta ce, "'Yata, kin riga kin faɗa a gaban ikilisiya. Kada ki kunyata sunan Ubangiji." Na san don ƙauna ta faɗa. Wata biyu na yi shiru, ina ta ramewa.

Ran wata Talata, bayan an tashi daga makaranta, na durƙusa a cikin aji na ce, "Ya Uba, sunanka nake karewa ko nawa?" Ban ji wata murya ba, ba zan ƙara abin da bai faru ba. Amma tsoron ya sake ni. Washegari na hau mota zuwa asibitin Gumel.

In na fahimci likita daidai, garkuwar jikina ce ke faɗa da tayirod ɗin. Da tana danne ta, yanzu ta koma zuga ta. Maganin da nake sha kullum kuma yana ƙara wa wutar itace. Ya ce da na ƙara jinkiri, da zuciyata ta jigata. Aka tsayar da maganin, aka ba ni wani.

Allah ya cece ni, haleluya!

Ba zan ce na warke ba. Wataƙila ciwon ya sake juyawa, ban sani ba. Amma mai cewa bangaskiyata ta gaza, ya ji da kyau: ba ta gaza ba! Allahna ba ya bukatar in yi masa ƙarya.

Na gode wa Ubangiji. In akwai mai ɓoye ciwo a nan don ya taɓa ba da shaida, ka dogara gare shi, ka tashi ka je a duba ka. In kana jin kunya, ni zan raka ka. Amin.