Kududdufin da Dakta Filibus Ya Hana a Cike

Mai unguwa, Rabaran, limamanmu, Mama Talatu matar marigayi, 'ya'yansa Lydia da Victor, jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni, ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashi. Alhaji Mu'azu ɗan kwangila, da ka harɗe a kujerar gaba, kai ma na gan ka.

Ni ne Isyaku, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Dakta Filibus Tanko. An ce in yi gajeren jawabi mai sanyi. Gajere dai zan yi.

Ya kasance yaron da ya tashi a nan bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba, amma ya zama masanin tafiyar ruwan teku. A Legas yakan shiga jirgi ya saki robobi masu iyo, ya bi su ya ga inda igiyar ruwa ke kai su, ya auna cikowar teku da janyewarta. Ya kasance mutumin da ya gaya wa masu kaki ido da ido cewa in ba a daina kwashe yashin gaɓa ba, teku za ta cinye ƙauyen masunta. Suka sallame shi daga aiki. Teku kuwa ta cinye ƙauyen.

Da ya dawo cikinmu, ya kasance in aka yi ruwa sai ka gan shi ya naɗe ƙafar wando, ya jefa ɓawon lemo a kwata, yana bin sa lungu-lungu. Samari su ce, "Baba Dakta, teku ta iso nan Daurawa ne?" Ya ce, "Ku biyo ni ku gani." Duk ɓawon da ya jefa, a kududdufin bayan layinmu yake ƙarewa. Ya ce mana, "Wannan shi ne randar unguwa. Ranar da aka cike shi, ɗakunanku ruwan zai nufa."

Bana soja suka koma bariki, muka ce yanzu za a saurari mai ilimi. Ashe an gudu ba a tsira ba! Ko tawadar zaɓe ba ta gama gogewa a yatsunmu ba, tifofin Alhaji Mu'azu suka cike rabin kududdufin, aka shiga yanka filaye. Dakta ya taka har gidanka, Alhaji. Me ka ce masa? "Malam, nan Kano ce, ba Legas ba." Ruwan Agusta ya shigo mana har gwiwa. Dakta ya wuni a ciki yana buɗe masa hanya da shebur, ciwon huhu ya kama shi, bai ƙara tashi ba.

Yau kuma, Alhaji, ka zo da allon sanarwa, wai za a sa wa sababbin filayen sunan Dakta Filibus. Haba! Ba kunya, ba tsoron Allah? Mama Talatu, kada ki yarda. Lydia, Victor, gidanku ne a gangare. In aka cike rabin da ya rage, damina mai zuwa mahaifiyarku ba ta da ɗakin kwana.

Mun ji tifofi za su dawo ranar Litinin. Za mu riga su isa bakin kududdufin, 'yan coci da 'yan masallaci. Alhaji, in za ka juye ƙasa, a kanmu za ka juye.

Na gode wa duk wanda ya zo don Allah. Allah ya ba Dakta hutawa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya tsare wa Mama Talatu ɗakinta. Wanda kuma ya sake aiko tifa, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Amin.