Gajeren Bakin Inji

A shagon kayan kafinta, wani dattijo ya ga mutumin da ke gabansa ya zaɓi dogon bakin injin gurzar katako.

"Malam, gyaran me za ka yi da shi?"

"Jirgin ruwa. Zan gurje gefen katakon gindinsa in zaunar da sabo."

"Ajiye shi. Ɗauki gajeren nan mai boris, 'yar tayar ƙarfen nan, a kai. Boris ɗin ke hana shi wuce iyaka."

"Baba, shekarata ashirin ina kafinta."

"Kujeru ko jirage?"

Mutumin ya ɓata rai. "Katako dai katako ne."

"Kujera in ta karye, mutum ya tashi ya kaɗe riga. Wannan dogon kuwa, hannunka na gocewa ya cinye katakon ta ciki. Ka shafe da fenti, ba mai sani sai an kai tsakiyar ruwa."

"Ka taɓa gani, ko labari ka ji?"

Dattijon ya dubi hannuwansa. "Mutum tara ne a cikin jirgin da aka yi wa haka. Shida suka fito."

Mutumin ya ajiye dogon a hankali. "Wa ya yi gyaran?"

"Ɗauki gajeren, na ce maka."