Allurar Mama a Firizar Hajiya

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rahila, ni ce mai zama a bencin baya kusa da taga. Ban saba magana a gaban jama'a ba, ku yi haƙuri da ni.

Kun san yadda Mama take a da. Ga ƙiba, ga ciwon sukari, gwiwoyinta suka gaza ɗaukarta. Ta sha shayin rage ƙiba iri-iri, ba abin da ya canza. Idan ta tsayar da ɗan acaɓa sai ya ce, "Mama, ki tausaya wa tayata." Takan yi dariya, amma a gida ina ganinta tana goge ido da bakin zani. Har zumuntar mata ta daina zuwa.

Sai likita ya rubuta mata wata allurar sukari da rage ƙiba mai kama da biro, sau ɗaya a mako. Ina wurin ya ce a ajiye ta a firji, kada ta ji zafi, kada kuma ta daskare. Mama ta riƙe maganar zafin kawai, don mu a Azare zafi muke tsoro.

Ana tsakiyar bazara taransifomar unguwarmu ta ƙone. Mama ta aike ni da allurar gidan maƙwabciyarmu Hajiya, mai sola, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo. Hajiya ta karɓa hannu biyu ta ce, "Maganin Maman Rahila? Ai gata zan yi masa."

Ranar allura na je ɗaukowa. Hajiya ta zura hannu can ƙasan firiza, ta ɓamɓaro ta daga jikin ledar zoɓo. Ruwan ciki ya zama ƙanƙara.

A gida Mama ta sa ta cikin tafin hannu tana murzawa don ta narke. Na tsaya bakin ƙofa, maganar likita tana cikina ta ƙi fita. A zuciyata na ce, "Ya Yesu, ka buɗe mini baki."

Ya kuwa buɗe. Na ce, "Mama, an ce kada ta daskare."

"Ke kuma yaushe kika zama likita?" Ta harare ni, amma ta ɗauki waya ta kira shi. Likita ya ce kada ta kuskura ta yi amfani da ita. Wadda ta daskare ta lalace ko da ta narke.

Mama ta zauna a tabarma. Allurar ita ke nan gare mu, kuma daga Kano aka kawo ta. Muka durƙusa, Mama tana kuka tana cewa, "Ubangiji, na gaji da jikin nan, kada ka bar ni."

Da yamma Hajiya ta shigo, ko takalmi ba ta sa daidai ba. "Maman Rahila, ashe gatana ne ya kashe maganin? Ki yafe ni." Washegari ta tura ɗanta Kano, iyayenmu mata na zumunta suka haɗa hannu da ita, aka kawo sabuwa. Hajiya ta kwashe nono daga tsakiyar ƙaramin firjinta ta ba allurar wuri. Har yau idan na shiga sai ta ce, "Likita, zo ki duba, ko na sake yin gata."

Ga Mama can a layin gaba. Da ƙafarta ta zo yau, ni ce ma nake cewa ta jira ni. Na gode wa Yesu! Wanda ya ji addu'ar da ba ta ko fito daga bakina ba, zai ji taku. Ku dogara gare shi. Amin.