Hoton da Mijina Bai Taɓa Gani Ba

Mai girma babbar baƙuwarmu, Farfesa Liesbet Dorrepaal, wadda ta taso tun daga ƙasar Holan domin ta yi wa mijina tambayoyi, ta kuma yi su har ya jiƙe rigarsa da gumi a tsakiyar hunturu. Mai girma shugabar zaman yau, Farfesa Aulikki Rantakokko, malamarsa kuma uwar ɗakinsa a wurin aiki. Surukata Kerttu, wadda tun safe take goge ido tana cewa mura ce. Malamai da abokan aiki, 'yan uwa da abokan arziki, da ku bayin Allah da kuka ba da jikinku aka sa a cikin sanyi saboda wannan bincike: barkanku da yamma, barkanmu da ganin wannan rana.

Ni ce Sointu, matar sabon Dokta Verneri, wancan mai kwat mai wutsiya da ke ta kallon cokalinsa. Na gode wa duk wanda ya tako ƙanƙara ya zo, na gode wa masu girki da suka yi mana miyar kifin da ta yi daidai da bakin surukata, abin da ni ban taɓa samun nasarar yi ba. Kun san al'adar wannan walima: sabon Dokta ya tashi ya gode wa mutane ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka ambata ya tashi ya mayar da martani, matar gida ce ta ƙarshe. Kun ji yadda ya gode wa Farfesoshinsa, godiya mai tsawo mai rassa. Kun ji yadda ya gode wa masu kula da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, har muryarsa ta yi rawa. Da ya zo kaina kuwa sai ya ce, "Sointu, na gode da komai," ya zauna. Ni da na karanta littattafan soyayya fiye da yadda shi ya karanta na likitanci, na san yadda ake yin irin wannan jawabi, kuma ba haka ake yi ba. Amma ba ƙorafi ya tashe ni ba. Na tashi ne in amsa wata tambaya.

Waɗanda suka halarci zaman kare kundin digirinsa da rana za su tuna. Can wajen ƙarshe Farfesa Dorrepaal ta cire tabarau ta ce, "Malam Verneri, na ga akwai mutum ɗaya da ka ɗauki hotonsa, sannan ka cire shi daga lissafinka. Mun san abin da ke sa matasan masu bincike su cire mutum: sakamakonsa bai yi musu daɗi ba. Kai me ya sa ka cire naka?" Mijina ya yi ja har kunne, ya ce, "Ba saboda sakamako ba ne. Fiye da haka ba ni da ikon faɗa." Ta sake tambaya, ya sake maimaita wannan amsar. Sai ta ce ta yarda aikin ya cancanci digiri, amma za ta rubuta shakkarta a rahotonta. Ni ba masaniya ba ce, yara ƙanana nake raino a makaranta, amma na zauna da masani, na san cewa kalma ɗaya ta shakka tana bin mutum daga aiki zuwa aiki har ya tsufa. Rahoton nan ba a rubuta shi ba tukuna. Saboda haka, ranki ya daɗe, ki ba ni aron kunnenki a kan abubuwa uku.

Na farko, yadda na san wannan bincike. Wata shekara da hunturu na ga sanarwa ana neman mutane masu lafiya don a auna musu kitse. Mai sanarwar ya bayyana cewa kitse iri biyu ne a jikin mutum: akwai fari, wanda duk mun san shi, mai zama a ƙugu ya ƙi tashi; akwai kuma mai ruwan ƙasa, wanda yake ƙona sukari ya ɗumama jiki. A jikin jarirai ya fi yawa, har an daɗe ana zaton manya ba su da shi. Ashe yana nan a ɓoye tsakanin wuya da kafaɗa, ba ya nuna kansa sai an sa mutum cikin sanyi. Na san wasu mazan ma haka suke, amma ba zan kama suna ba.

Gaskiya ba kitsen ne ya ja ni ba. A lokacin ina tsakiyar wasu littattafai ne da ake sayarwa a kantin tasha, inda kullum akwai likita mai faɗin ƙirji, mai baƙin ciki a ɓoye, wanda ke jiran wata yarinya ta shigo asibiti ta warkar da zuciyarsa. Na ce bari in je in gani da idona. Na sa rigata mafi kyau. Da na isa aka ce in cire ta in sa ta asibiti.

Sai ga likitan nawa ya shigo: siriri, gashi a tsaye, ɗauke da bokitin ruwan ƙanƙara. Maganarsa ta farko gare ni a duniya ita ce, "Kin tabbata ba ki ci komai ba tun jiya?" Ta biyu kuwa, "Cire safa." Ya zaunar da ni a ɗaki mai sanyi har leɓena ya canja launi, aka yi mini allurar wani sukari da na'ura ke iya gani, aka kwantar da ni a cikin na'urar, ƙafata ɗaya a cikin bokiti. Ya ce, "Idan kin fara rawar ɗari ki faɗa, tana ɓata hoto." Na ce, "Ni? Ai mu 'yan ƙasar ƙanƙara ne, ba ma jin sanyi." Alhali haƙorana suna so su karye don cizo. Don in manta da ƙafar, sai na fara ba shi labarin littafin da nake karantawa. Na kai inda jarumin ya tsaya a bakin jirgin ruwa, aka ce an gama. Ya miƙo mini bargo da kofi da burodin hatsi, sannan ya ce, "To, ya hau jirgin ko bai hau ba?" Na ce ban kai wajen ba, sai na dawo ɗaukar hoto na biyu zan gaya masa.

Ban dawo ba, domin washegari aka kira ni a waya. Wata murya ta ce, "An gode miki, ba a buƙatarki kuma." Na yi kuka kamar an sake ni. Na ɗauka sun leƙa cikina sun tarar babu komai.

Na biyu, abin da ya faru bayan na fita, wanda ban sani ba sai da muka yi aure. Ranar nan, tun kafin a haɗa hotona a fito da shi, Verneri ya je ofishin Farfesa Rantakokko ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Mene ne, na'ura ce ta lalace?" Ya ce, "A'a. Ina so a cire mutumin yau daga binciken." Ta ce, "Don me?" Ya ce, "Ina so in gayyace ta shan kofi." Ta ce, "Kai, Verneri! Ka san wahalar da muke sha kafin mu sami mutum ɗaya da zai yarda ya sa ƙafa a bokitin nan? Ba za ka iya son wata daga sashen ƙashi ba?" Ya ce ba zai iya ba. Ta ce to, dokar a bayyane take: mai bincike ba ya neman wadda yake bincike a kanta. Za a rufe hoton, shi ba zai gan shi ba, ita ma ba za ta duba ba. Zai nemo wani a madadina, kuma ba zai neme ni ba sai an gama ɗaukar hotunan wannan hunturun. Wanda zai maye gurbina bai samu ba har sanyi ya wuce, dole ya jira wani hunturun. Ga ta nan zaune, in na ƙara gishiri ta tsayar da ni.

Sai da ƙanƙarar kogi ta narke na gan shi tsaye a ƙofar makarantarmu, yara sun kewaye shi, riƙe da safar ulu da Kerttu ta saƙa. Babu fure, babu waƙa. Ya ce, "Na ga ƙafarki tana saurin yin sanyi." Na ce, "Wata nawa ke nan, sai yau ka tuna?" Ya ce, "Sai yau aka ba ni izini."

Na uku, dalilin shirunsa na yau. Duk wanda ya shiga wancan ɗakin sanyi an yi masa alkawari cewa ba za a taɓa faɗin sunansa ba, ko a kundi, ko a taro, ko a teburin cin abinci. Ni ma an yi mini. Da ya ce miki "matata ce," da ya wanke kansa cikin numfashi ɗaya, amma da ya karya alkawarin da ya yi wa wata baƙuwa mai rawar ɗari. Malamarsa ma alkawarin ya ɗaure mata baki. Na zauna a layin gaba ina ta ɗaga masa gira, ina cewa a raina, faɗa mana, ai ni ce! Ya kalle ni, ya kau da kai. Da muka fito na ja shi gefe na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka faɗa mata mana!" Ya ce, "Sirrinki ne, ba nawa ba." Na ce, "Ai na aure ka!" Ya ce, "Auren bai soke alkawarin ba."

Jama'a, na ga jarumai a takarda sun yi iyo a teku, sun hau doki cikin hadari, sun durƙusa a tashar jirgi. Ban taɓa cin karo da wanda ya tsaya a gaban zaure cike da mutane, a ranar da ta fi kowace rana girma a rayuwarsa, ya bar a yi zargin aikinsa don kada ya faɗi sunan matarsa ba tare da izininta ba. Masu rubuta littattafan nan ba su san da irin wannan ba, kuma ina ganin ko sun sani ba zai sayu ba.

To, tunda sirrina ne, ni na buɗe shi. Farfesa Dorrepaal, ni ce mutumin da aka cire. A gaban waɗannan shaidu na ba da izini gobe Farfesa Rantakokko ta buɗe miki hoton, ki duba ranar da aka rufe shi, ki duba abin da ke ciki, ki sa shi a cikin lissafin, ki ga ko ya canja wani abu, sannan ki rubuta rahotonki yadda gaskiya ta nuna miki. Ni kaina ban san abin da za ki gani ba. Roƙona ɗaya ne. Idan kin ga kafaɗuna suna haske kamar fitila a hoton, ki kira ni ki faɗa mini a gabansa, da ƙarfi, in daɗe ina yi masa gori. Idan kuwa kin tarar da duhu, babu ko ɗigon kitsen nan, to ki gaya masa shi kaɗai. Kin dai ga yadda yake riƙe sirri.

Allah ya sa wannan bincike ya amfani masu fama da ciwon sukari da masu fama da ƙiba. Allah ya saka wa duk wanda ya sa ƙafarsa a bokiti da lafiya mai ɗorewa. Allah ya ƙara wa malamanmu basira da tsawon rai, ya mai da baƙuwarmu gida lafiya da zuciya mai natsuwa, ya warkar wa surukata da murar nan tata. Allah ya kai kowa gidansa ba tare da santsi ya kayar da shi ba. Verneri, ɗago kanka, an gama.

Na gode.